Da Wane Mudu Za A Auna Ƙunshin 'Yan Jarida? Gwaji Daga Rano da Kibiya

Duk wanda ya taɓa halartar bikin ƙaddamar da aiki a ƙasar nan ya san jakar. Ana raba ta a bakin rumfa kafin manyan baƙi su iso. A cikinta akwai jawabin babban baƙo, da jadawalin taro, da mujalla mai santsi cike da hotuna, da biro da ɗan littafin rubutu, wani lokaci har da ambulan wadda ba a rubuta komai a bayanta ba. Wannan shi ne ƙunshin bayanan da jami'an hulɗa da jama'a ke shirya wa manema labarai. Na karɓi irinsa a wani taro a kudancin Kano. Da aka tashi, na zauna a mota na bi shi shafi-shafi. Fuskar mutum guda ta fito a kusan kowane shafi. Na nemi abu uku kacal: nawa aikin ya ci, wane ne ɗan kwangilar, yaushe za a gama. Ban sami ko ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, waɗanda suka shirya ƙunshin sun koma ofis suna murna. A awonsu ya cika: takarda mai tsada, bugu mai kyau, an rubuta sarautun kowa daidai, gidajen rediyo sun karanta jawabin da yamma. Ra'ayina a wannan makon shi ne mudun da suke awo da shi tauyayye ne, kuma mu masu ilimin boko, da muke rubuta waɗannan takardu ko muke karɓarsu, mu ne muka amince da tauyewar. Awon gaskiya guda ɗaya ne. A ɗauki ƙunshin a miƙa wa malamin firamare a Tarai ko Durba cikin ƙaramar hukumar Kibiya, a ce ya hau babur ya je wurin aikin. Idan takardar ta ba shi abin da zai iya kama ta da shi in ta yi ƙarya, ta cika. Takardar da babu jimla ɗaya a cikinta da za a iya ƙaryatawa, babu kuma jimlar da za a iya gaskatawa.

Asalin abin

Masana tarihin aikin jarida sukan danganta takardar sanarwa ta zamani da wani Ba'amurke mai suna Ivy Lee. A watan Oktoba na 1906 jirgin ƙasa ya faɗa ruwa a Atlantic City, mutum sama da 50 suka mutu. Al'adar kamfanonin jiragen ƙasa a lokacin ita ce rufe baki da korar 'yan jarida. Lee, wanda ke yi wa kamfanin Pennsylvania aiki, ya shawo kan shugabanninsa suka fitar da bayani a rubuce, suka kuma bar manema labarai suka ga wurin da idonsu. Wato an haifi wannan takarda ne a ranar baƙin labari, domin ta amsa tambayar da jama'a ke yi.

Shi kansa Lee bai tsaya a kan wannan turba ba. A 1914, bayan kisan da aka yi wa iyalan ma'aikatan haƙar kwal masu yajin aiki a Ludlow ta jihar Colorado, ya shirya wa gidan Rockefeller takardun da aka kama da bayanan ƙarya, sunansa ya ɓaci. Mutum ɗaya ya nuna wa duniya fuska biyu na sana'ar: takardar da ke buɗe ƙofa, da takardar da ke jan labule. Mu a nan mun ɗauki ta biyu, muka ƙara mata kirari.

Rano: takardar da ba ta da kwanan wata

Ga misalin da kowa ya shaida. Rano na cikin Hausa Bakwai, kuma kowace mujallar taro da ta shafi garin takan buɗe da wannan, ta ambaci Bawo, ta ambaci rini da baba. Babu laifi. Amma a duba abin da ya faru da masarautar cikin shekara biyar. A Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta kafa sababbin masarautu huɗu, wato Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi, aka ba Rano ƙananan hukumomi 10. A Nuwamba na wannan shekara Babbar Kotun Jiha ta soke dokar, a Disamba aka yi wata sabuwa. A Mayun 2020 Sarki Tafida Abubakar Ila ya rasu, aka naɗa Kabiru Muhammad Inuwa. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun. A Yuli na wannan shekara aka sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku: Rano da Bunkure da Kibiya, aka naɗa Muhammad Isa Umaru.

Ba na shiga gardamar wa ya yi daidai. Abin lura shi ne, jimlar nan "ƙasar masarautar Rano" ta canza ma'ana sau da yawa tsakanin 2019 da 2024. Ɗan jaridar da ya zo daga Legas, ko matashin da ya fara aiki a gidan rediyo bara, idan aka miƙa masa takardar bayani da ba ta ɗauke da kwanan wata, ba ta kuma faɗi dokar da ta dogara a kai ba, an miƙa masa tarko. Zai rubuta Sumaila ko Doguwa a ƙarƙashin Rano alhali yau ba haka ba ne, ko ya lissafa yawan jama'ar ƙananan hukumomi goma ya jingina wa uku.

Haka batun yawan jama'a. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba ƙaramar hukumar Rano mutum kimanin dubu 145, Kibiya kimanin dubu 137. Duk wani adadi da ya wuce wannan hasashe ne. Hasashe ba laifi ba ne idan an ce hasashe ne, an faɗi wanda ya yi shi da shekarar da ya yi. Laifin shi ne a rubuta "aikin zai amfani mutum dubu kaza" ba tare da an nuna inda aka samo su ba. Adadin da ba shi da uba, duk wanda ya ɗauka ya ɗauki rigima.

Kadawa: abin da aka tsara da abin da ake yi

Misali na biyu yana maƙwabtaka. An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta na bi ta Ruwan Kanya ya gangara gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Kashi na farko na shirin noman rani na Kogin Kano an tsara shi a kan hekta 22,000, amma shekaru da dama filin da aka gyara, ruwa ke kai masa, bai kai haka ba. Adadi biyu ne daban: wanda ke kan taswira, da wanda manomi ke ban ruwa a kai. Ƙunshin da ya kawo na farko ya yi shiru a kan na biyu bai yi ƙarya ba, amma ya bar mai karatu ya yi wa kansa ƙarya.

A Kadawa ne kuma kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a 2016, wadda aka sanar tana iya niƙa tan 1,200 a kullum. Jaridun gida da na waje sun yi ta maimaita wannan adadi. A shekarar ne tsutsar tumatir ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya, daga baya kuma ta yi ta buɗewa tana rufewa saboda ƙarancin tumatir da saɓanin farashi tsakaninta da manoma. Adadin ƙarfin injin gaskiya ne. Tambayar da ta shafi manomin Bunkure da na Rano ita ce tan nawa ake kawowa, a kan wane farashi, kwana nawa a shekara injin ke juyawa. Ɗan jaridar da aka saba ciyar da shi da adadin ƙarfin inji kawai, da wuya ya tuna ya tambayi adadin aiki.

Mudun

To, da me za a auna? Ga tambayoyi bakwai. Kowace tana da amsa ɗaya, e ko a'a, kuma ba a buƙatar digiri kafin a yi su.

Na ɗaya, wuri. Shin takardar ta faɗi mazaɓa da ƙauye? Rano na da mazaɓu 10, Kibiya ma 10. "Rijiyoyin burtsatse a faɗin ƙaramar hukuma" ba adireshi ba ne. A ce Saji, a ce Lausu, a ce Zurgu, a ce Fammar ko Nariya, a faɗi unguwar, yadda mai babur zai iya zuwa ba tare da ya tambayi kowa ba.

Na biyu, kuɗi. Nawa aka ware, nawa aka saki, nawa aka biya? Uku ne, kuma a wannan ƙasa ba safai suke zama ɗaya ba. A faɗi kasafin wace shekara, da aljihun da kuɗin ya fito: tarayya, jiha, ƙaramar hukuma, aikin mazaɓa na ɗan majalisa, ko rancen Bankin Duniya. Rance bashi ne a wuyan jama'a, bai kamata a gabatar da shi kamar kyautar wani ba.

Na uku, hannun da ya yi aikin. Sunan kamfanin da lambar rajistarsa, domin kowa na iya duba rajistar kamfani a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta intanet. Sai kuma ofishin da ya sa ido, ya sa hannu cewa an gama.

Na huɗu, lokaci. Ranar da aka ba da kwangila, ranar da aka fara, ranar da aka yi alkawarin gamawa. Da kuma ranar da aka rubuta ita kanta takardar.

Na biyar, gobe. Ginin asibiti ba asibiti ba ne sai da ma'aikata da magani. Ma'aikata nawa aka tura, wa zai biya su, wa zai gyara famfo in ya lalace? Ƙauyukanmu cike suke da gine-ginen da aka yanke wa zare aka kulle.

Na shida, abin da bai yiwu ba. Babu aikin da ke tafiya sumul. Ƙunshin da bai ambaci jinkiri ko ƙarin kuɗi ko ɓangaren da aka fasa ba, ko dai marubucinsa bai san aikin ba, ko ya sani ya ɓoye.

Na bakwai, mai amsa tambaya. Sunan muƙami da lambar wayar ofis da za a kira bayan an naɗe tabarma, da wurin da takardar za ta zauna, a allon sakatariya ko a intanet, yadda za a same ta bayan shekara uku.

Na ware batun harshe domin shi ne ya fi ba ni takaici. Yawancin mutanen Rano da Kibiya ta rediyo suke samun labari, kuma da Hausa. Amma ƙunshin da Turanci yake zuwa. Wakilin gidan rediyo ne zai fassara shi a tsaye, yana sauri ya aika rahoto kafin labaran yamma. A nan ne miliyan ke komawa biliyan, hekta ta koma eka, "an amince da kwangila" ta koma "an kammala aiki". Tun Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na edita. Harshen da ya ɗauki labarin Yaƙin Duniya na Biyu ba zai gaza ɗaukar kuɗin kwalbati ba. Ƙunshin da aka shirya don jama'ar Kibiya ba tare da kwafin Hausa da ofishin ya duba ya amince da shi ba, rabinsa aka kawo.

Uzurorin da na saba ji

Abokaina masu wannan sana'a suna da amsoshi, kuma wasu na da nauyi.

Sukan ce: "Malam, wannan talla ce, ba rahoton mai binciken kuɗi ba." Idan mai sayar da sabulu ne ya kashe kuɗinsa, ya yabi sabulunsa yadda ya ga dama. Amma aikin gwamnati da kuɗin jama'a aka yi shi, ita kanta mujallar mai santsi da kuɗin jama'a aka buga ta. Yaron shago ba ya yi wa mai shago talla, lissafi yake ba shi.

Sukan ce ofisoshin yaɗa labarai na ƙananan hukumomi ba su da kayan aiki. Wannan gaskiya ne, kuma ban raina wahalarsu ba. Sai dai amsoshin tambayoyin nan bakwai ba su wuce shafi ɗaya ba, baƙi da fari, wanda kowane shagon kwamfuta a Rano zai buga. Dukkansu suna cikin fayil ɗin kwangila tun kafin a kafa rumfa. Kuɗin hoton bangon mujallar ya fi ƙarfin kuɗin wannan shafi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne izini daga sama.

Sukan ce in ka ba da adadi ka ba 'yan adawa makami. To, adadin da ke iya zama makami a hannun abokin hamayya, shi ne garkuwa a hannun wanda ya yi aiki tsakani da Allah. Shugaban da ya gina ajujuwa shida ya faɗi wurinsu da kuɗinsu, ya rufe bakin mai cewa biyu ya gina. Duhu barawo yake taimaka wa, mai gaskiya kuwa cutarsa yake yi, domin a cikin duhu kamanninsu ɗaya.

Na ƙarshe shi ne mafi ɗaci: "'Yan jaridar ba takarda suke nema ba, ambulan suke jira." Ba zan musanta cewa al'adar na nan ba, ko da yake ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun haramta karɓar irin wannan. Akwai kuma wakilan da ke aiki watanni ba albashi. Amma a lura da yadda abin ke tafiya tare: ambulan tana cike gurbin da bayani ya bari. Inda aka ba da bayani cikakke, ba a buƙatar sayen shirun kowa. Wanda ya cire adadi ya sa kuɗin mota ya san abin da yake saya.

Doka ma ta riga ta yi magana

Abin da nake nema ba alfarma ba ce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011, ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa, ta kuma wajabta wa hukumomi su riƙa wallafa wasu bayanai da kansu tun ba a tambaya ba. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ba ta hau kansu ba, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Afrilun 2025 cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati. Kafin nan, ranar 11 ga Yulin 2024, kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, duk da cewa aiwatarwar na jan ƙafa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma tana wallafa kason da aka rubuta wa kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya. Mai waya a Rurum zai iya ganin abin da aka ce ya shigo da sunan Rano. Abin da ba ya iya gani shi ne inda ya tafi. Ƙunshin 'yan jarida shi ne wuri mafi araha da za a fara cike wannan giɓi.

An kuma ga amfanin adadi a hannun talaka. A 2012 matasan da suka kafa Follow The Money sun bi sawun kuɗin da aka yi alkawari don share gubar dalma a Bagega ta jihar Zamfara, har aka saki kuɗin. Shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT ya shafe shekaru yana kai wa ƙauyuka jerin ayyukan mazaɓu da ke cikin kasafi. Makamin duka biyun ɗaya ne: sunan wuri, adadin kuɗi, kwanan wata.

Gare mu

Akwai asarar da ba a cika lissafawa ba. Takardar sanarwa ta yau ita ce labarin rediyo na yamma, ita ce shafin jarida na gobe, ita ce abin da ɗalibin Jami'ar Bayero zai tarar idan ya zo rubuta tarihin Kibiya bayan shekara 30. Idan kirari muka bar masa, kirari zai gada. Zai san sarautun duk wanda ya zauna a rumfa, ba zai san ko rijiyar ta ba da ruwa ba.

Masu karanta wannan wasiƙa su ne jami'an yaɗa labarai, da daraktoci, da injiniyoyi, da editoci, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Mu ne muke rubuta takardun nan, mu ne muke sa musu hannu, mu ne muke karanta su a iska. Don haka ga roƙona. Idan kai ne mai shiryawa, sa shafin tambayoyi bakwai a sama, da Hausa da Turanci, jawabin mai girma ya biyo baya. Idan ke ce edita, duk ƙunshin da ya zo babu kuɗi babu kwanan wata, ki faɗa wa masu sauraro cewa an tambaya ba a bayar ba, domin wannan ma labari ne. Idan kuma kai ɗan gari ne da aka gayyata cika rumfa, karɓi jakar, buɗe ta a gaban wanda ya ba ka, ka tambaye shi cikin ladabi: nawa ne, wa ya yi, yaushe za a gama?